Ja, Toka da Baƙi: Labarin da Launin Ƙasa ke Bayarwa a Kura da Bunkure

Mai jan guga a bakin sabuwar rijiya a ƙasar Kura ba sai ya leƙa ba yake sanin inda mahaƙi ya kai. Ƙasar da ke fitowa a gugan ta ishe shi. Da farko mai laushi ce, ruwan ƙasa mai haske, irin wadda garma ta saba da ita. Can sai ta fara ja, ta yi danƙo. Wani wurin a ci karo da marmara, sai diga ta yi ta ƙara kafin a huda ta. Bayan ta sai yumɓu mai rodi-rodi, ja da rawaya da fari a cakuɗe, sannan ruɓaɓɓen dutse da ke marmashewa a tafin hannu yana ƙyalli. Galibi a nan danshi ke fara bayyana. Masu haƙar burtsatse ma haka suke yi: duk bututun da ya shiga, sai su ɗebi garin da injin ya feso su tsiba a jere a ƙasa, har tsibin ƙarshe ya fito ruwan toka, alamar an taɓa tsayayyen dutse.

Abin da waɗannan mutane ke yi da ido, shi masana ilimin duwatsu ke yi da littafi da ma'auni a duk duniya. Suna duban launin kowane hawa na ƙasa ko na dutse, su nemi sanin yanayin da ya samar da shi: kogi ne, ko tafki, ko teku, ko hamada. Tambayar ita ce, iya ina za a amince da launi? Yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam wuri ne mai kyau na yin wannan tambaya, domin a nan mutum da hannunsa ya canza yanayin ruwan ƙasa shekara hamsin da suka wuce, kuma ƙasar ta fara nuna abin da aka yi mata.

Sai dai a fara da faɗin gaskiyar wurin. Kura da Bunkure ba a kan duwatsu masu hawa-hawa suke zaune ba, irin waɗanda yashi da laka suka kwanta suka daskare suka zama. Ƙarƙashinsu tsohon dutse ne, giranit da danginsa, wanda ya haura shekara miliyan 500, irin wanda ya leƙo sama a duwatsun Rano. Hawa-hawan da mahaƙin rijiya ke ratsawa iri uku ne: dutsen da ya ruɓe a inda yake, da ƙurar da iska ta kawo ta shimfiɗa a kansa, da yashi da lakar da Kogin Kano da rafukansa suka zubar a kwari. Kowanne da launinsa, kuma kusan dukkan launukan daga abu ɗaya suke fitowa.

Wannan abu shi ne ƙarfe. Kusan kowace ƙasa akwai sinadarin ƙarfe a cikinta, kuma halinsa biyu ne. In ya sami iskar oksijin sai ya yi tsatsa, tsatsar ta manne a jikin ƙwayoyin yashi da yumɓu. A wuri mai zafi wanda ruwa ba ya kwanciya, tsatsar na zama ma'adinin da ake kira hematayit, mai ja wur. Inda danshi ya fi daɗewa sai ta zama gotayit, mai rawaya zuwa ruwan ƙasa. Kaɗan ƙwarai daga cikinsu ya isa ya rina tulin yashi. Amma in ruwa ya kwanta ya cike duk ƙofofin da iska ke bi, ƙwayoyin bakteriya da ke cin ruɓaɓɓen ganye da saiwa sai su cinye ɗan oksijin da ya rage, sannan su koma kan tsatsar. Ƙarfen ya narke ya bi ruwa, ƙwayoyin ƙasa su tsaya tsirara da launinsu na asali, ruwan toka, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Baƙi kuwa galibi ragowar tsirrai ne da rashin iska ya hana su ruɓewa su ƙare.

Mutanen Kura, waɗanda rininsu da bugunsu suka kai rawunan 'yan Kura har cikin Buzaye, ba baƙi ba ne ga wannan sirri. Ƙyallen da aka tsamo daga karofi kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska yake rikiɗa ya koma shuɗi a gaban idon marini. A cikin ramin babu iska, a waje akwai, launi kuma ya bi. Ƙasa ma haka take, illa dai ita nata rikiɗin yakan ɗauki kwanaki, watanni ko dubban shekaru. Akwai kuma darasi na biyu a karofin: shuɗin rawani yana faɗin ramin da aka tsoma shi, ba ya faɗin gonar da aka noma audugar.

Wanda ke son ganin abin da idonsa, ya shiga gonar shinkafa bayan girbi ya tuge kututturen shinkafa ɗaya. Taɓon da ya biyo shi ruwan toka ne mai duhu, mai santsi, wani lokaci da ɗan wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Amma saiwoyin jajaye ne, kamar an shafa musu tsatsa, kuma in aka ɓara curin taɓon za a ga siraran layuka ruwan goro duk inda saiwa ta bi. Shinkafa na zuƙo iska ta cikin kararta ta kai saiwa, shi ya sa take rayuwa a cikin ruwa. Ɗan abin da ya tsiyaya daga saiwar shi ne ya sa ƙarfen da ke kusa ya yi tsatsa. A ajiye curin a kan kunya kwana biyu, bayansa zai koma ruwan ƙasa, cikinsa na nan da tokarsa. Haka nan inda ruwa ke tsattsafowa daga gindin kanal, akan ga wata yana a saman ruwan mai walƙiya kamar mai. In aka taɓa ta da tsinke sai ta farfashe ba ta sake haɗewa ba. Ƙarfe ne da ya narke a ƙarƙashin ƙasa, ya fito ya gamu da iska.

Jan da ke kan tudu labarinsa ya fi tsawo. Marmara da burjin da ake kwasa a zuba a hanya sakamakon zamunna ne masu tsawo na damina da rani suna musanya, ruwa na wanke duk abin da zai wanku daga dutse, yana barin ƙarfe a baya. Yumɓun nan mai rodi-rodi da ke ƙarƙashin marmara shi ne iyakar da ruwan ƙasa ya yi ta hawa da sauka a cikinta: inda iska ta samu shiga ya yi ja, inda ruwa ya daɗe ya koɗe. In irin wannan yumɓu ya fito fili ya bushe sau da yawa, yakan taurare ya zama dutse, kuma ba ya komawa. Irin wannan hular marmara ce a kan Dala da Gwauron Dutse, kuma tamar da ke jikinta ce maƙeran farko na Kano suka narka tun wajen ƙarni na 7.

Ƙasar saman kuwa, wadda manomi ke juyawa, baƙuwa ce. Mai laushi ce, ƙwayoyinta ƙanana kuma kusan girmansu ɗaya, abin da ke nuna iska ce ta tace su. A 1958 wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, A. T. Grove, ya bayyana cewa jigayin da ke arewa da gabashin Kano tsofaffin tuddan hamada ne, daga lokacin da Sahara ta sauko kudu fiye da inda take yanzu. Yashi mai nauyi ya tsaya can, mai laushi ya wuce ya sauka a kudancin Kano har Zariya. Aikin bai ƙare ba. Hazon da ke rufe Kura duk hunturu, mai barin fari-fari a kan ganyen alkama, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, busasshen gindin tsohon Tafkin Cadi, wanda wajen shekara 7,000 da suka wuce ya kai girman teku. Farinsa na ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka taru a ƙasan tafkin. Wani masani, Grant McTainsh, ya auna yadda wannan ƙura ke sauka a Kano a ƙarshen shekarun 1970. Ke nan manomin Bunkure na shuka a kan ƙasar da wani sashenta ya taɓa zama lakar tafki a wata ƙasa, kuma launinta na yanzu bai faɗi hakan ko kaɗan ba.

A bakin Kogin Kano ne ake samun hawa-hawa na gaske, waɗanda ruwa ya jera. Inda gaɓa ta zabge, ana ganin farin yashi mai garas-garas, wani lokaci da tsakuwa a gindinsa, sai laka mai duhu a kai, sai yashi kuma. Yashin na ambaliya ne mai ƙarfi ko na tsohuwar hanyar kogi, lakar kuwa ta ruwan da ya fantsama fadama ya kwanta. Baƙin layi siriri a tsakani yakan zama tsohuwar fuskar ƙasa, wadda ciyawa ta tsira a kanta na wasu shekaru kafin wata ambaliya ta binne ta. Hawa na can sama yana da shekarar haihuwa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kogin da a da yake cika ya tumbatsa da damina ya bushe da rani ya koma ɗan siriri mai gudu duk shekara. E. A. Olofin na Jami'ar Bayero ya bi diddigin abin da ya biyo baya: faffaɗan yashin da kogin ke shimfiɗuwa a kai ya fara samun rufin laka, ciyawa ta kama, manoma suka shiga. Duk mai haƙa a nan da ya ratsa laka mai duhu ya faɗa farin yashi, ya ratsa tarihin dam ɗin ne.

Rashin iskar da ke koɗar da ƙasa shi ne kuma ke adana abin da ya faɗa cikinta. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da katako a zurfin wajen mita 5. Da masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon sama da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Da a cikin jan yashi mai shan iska ya kwanta, da ko ɓurɓushinsa ba a samu ba.

Mai son ganin yadda ake karanta dutse mai hawa-hawa na ainihi sai ya nufi Sakkwato. A can hawa-hawan suna ɗauke da sunayen garuruwa. Na Taloka da na Wurno farin yashi ne mai laushi da laka, na gaɓar teku. A tsakaninsu akwai na Dukamaje, dutsen laka mai ɓarewa falle-falle, wanda a cikinsa ake samun ƙasusuwan kifaye da kunkuru da wani ƙaton dabban teku da masana suka raɗa wa suna daga Goronyo. Wannan ya kwanta ne gab da ƙarewar zamanin dinoso, wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, lokacin da wani reshen teku ya ratso Sahara ya iso nan. Sama da su sai na Dange, laka mai ruwan toka da shuɗi-shuɗi, ta ruwa mai kwanciyar hankali. Sai farin dutsen Kalambaina, cike da ɓawon halittun teku, wanda ya taru a ruwa mai ɗumi, marar zurfi, marar laka, kuma shi ake ƙonawa a yi siminti a Sakkwato. A can sama sai na Gwandu, yashi da yumɓu ja da rodi-rodi, bayan teku ya janye koguna sun karɓi wurin. Daga toka zuwa fari zuwa ja, ido na iya bin shigowar teku da fitarsa.

To amma ba launi kaɗai ya ba da wannan labari ba, kuma a nan ne mai gaggawa ke yin kuskure. Ƙasusuwa da ɓawo ne suka tabbatar teku ne. Lakar Dange da ke shuɗi-shuɗi a cikin rami, a fili rawaya ce ko ruwan ƙasa, saboda ruwan sama da iska sun yi aikinsu a kanta. An daɗe ana ɗauka cewa duk jan dutsen yashi alamar hamada ce. A 1967 Theodore Walker, wani masani ɗan Amurka, ya nuna daga binciken da ya yi a arewa maso yammacin Meziko cewa yashin ba ja yake kwanciya ba. A hankali yake yin ja bayan an binne shi, yayin da ƙwayoyin da ke ɗauke da ƙarfe ke lalacewa a cikinsa. Ja yana nufin iska ta sami ƙarfe, a wani lokaci, ko a ranar da yashin ya sauka ko bayan shekara miliyan. Hamada na iya bayar da shi, gefen kogi a ƙasa mai damina da rani ma na iya bayarwa, kuma kogi na iya kwaso jar ƙasa daga tudu ya zuba ta a tafki.

Baƙi ma yana da fuska fiye da ɗaya. Daɓaron da ke tsattsagewa da rani, da firgin Borno, baƙaƙe ne ƙirin alhali takin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Irin yumɓun ne ke riƙe ɗan abin da ke akwai ya yi duhu. Ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi masu kama da tsakuwa da ake samu a fadama manganis ne. Tokar karan shinkafa da aka ƙona a gona tana baƙanta ƙasa ba tare da ta ƙara mata wani abin kirki ba. Fari kuma ya fi kowa rikitarwa: yana iya zama farar ƙasa irin ta Ƙanƙara, wadda giranit ne da ya ruɓe sarai, ko dutsen siminti, ko ƙurar Bodele, ko gishiri da kanwa. Shi ya sa masani na ƙwarai ba ya tsayawa a launi. Yana murza ƙasar tsakanin yatsu ya ji girman ƙwayoyinta, ya duba ko layukan a miƙe suke ko a karkace, ya nemi saiwa ko ɓawo, ya ɗiga ruwan asid ya ga ko za ta yi kumfa.

Akwai kuma matsalar ido. Abin da wani zai kira ja, wani ruwan hanta zai ce. Maganin da aka samu ya fito ne daga wani mai zane ɗan Amurka, Albert Munsell, wanda a 1905 ya tsara hanyar bayyana kowane launi da abu uku: asalinsa, da haskensa ko duhunsa, da kaurinsa. Daga baya aka mai da tsarin ɗan littafi mai shafuka cike da ƙananan fale-falen launi, kowanne da huda a gefensa. Ana ɓara curin ƙasa, a ɗan jiƙa sabuwar fuskar, a sa ta a bayan hudar a hasken rana, a nemi wanda ya dace. Sai a rubuta, misali, 10YR 5/2. Lambar ƙarshe ita ce kaurin launi, kuma in ta sauka zuwa 2 ko ƙasa da haka a cikin ƙasa mai rodi-rodi, masana kan ɗauke ta alamar ruwa na daɗewa a wurin. Da wannan, abin da ɗalibi ya rubuta a tashar binciken noma ta Kadawa mai karatu a Holan zai gane shi daidai.

Harkar ba ta ɗakin karatu kaɗai ba ce. Man fetur daga baƙin dutsen laka yake samuwa, wanda ya kwanta a ruwan da babu iska a ƙasansa, don haka masu neman mai a Kolmani ko Agadem suna murna da ganin baƙi. Yuraniyom ɗin Arlit a Nijar, wanda ake haƙa tun 1971, yana narkewa a ruwa mai iska ya bi dutsen yashi, sai ya tsaya ya taru inda ya tarar da yashi ruwan toka mai ragowar tsirrai. Iyakar da ke tsakanin launuka biyu ita ce ake nema.

A Kura da Bunkure wannan iyaka tana motsi, kuma shi ne abin da ya kamata ya dami kowa. Kafin Tiga, tudun nan gero da dawa da gyaɗa ake nomawa a kansa, ya sha ruwa wata huɗu ko biyar, ya bushe sauran shekara. Yau, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ruwa na gangarowa daga Tiga ta Ruwan Kanya ya ratsa dubban hektoci ta manya da ƙananan kanal, ba famfo ba inji. An tsara aikin noman ranin ne da tunanin alkama da sauran amfanin rani masu son ruwa daidai gwargwado. Amma shinkafa ta fi kawo kuɗi, Kura ta zama cibiyar sarrafa ta, gonaki da yawa suka koma kwana cikin ruwa damina da rani. Kanal na yoyo, magudanan da aka haƙa don kwashe rarar ruwa sun cushe da laka da kacala, wasu ma an nome su. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso. Ƙasar da ta yi dubban shekaru tana ja ta fara koɗewa daga ƙasa zuwa sama, da ɗigo-ɗigon tsatsa a inda ruwan ke tsayawa. In wani masani zai zo bayan zamani mai tsawo ya ga wannan toka, ya yanke cewa a fadama ƙasar ta kwanta, ya yi kuskure: iska ce ta kawo ta, kanal ne ya rina ta.

Inda ruwan ya matso kusa da sama, zafin Maris da Afrilu na zuƙe shi ya bar abin da ya ɗauko. Shi ne farin ɓawon nan da ke fitowa a kan kunya, wanda manoma ke cewa gona ta yi kanwa. Wani wurin tabon baƙi ne mai sheƙi, marar sani ya ɗauka taki ne, alhali kanwar ce ta narkar da takin ta fito da shi sama. Irin wannan wuri ba ya shan ruwa, in ya bushe sai ya yi tauri, tumatir da alkama su tsumbure a kansa. Shinkafa na jurewa na wani lokaci, kuma wannan juriyar ce ke ɓoye cutar, har ranar da manomi ya so komawa albasa ko masara ya tarar ƙasar ta ƙi.

Gyaran da aka yi wa aikin a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya ya taɓa kanal da magudanai da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kuma abin a yaba ne. Amma siminti na nuna lafiyar kanal ne kawai. Lafiyar gona a cikin rami ake ganinta, kuma ramin ba shi da tsada. Kowace ƙungiyar manoma na iya zaɓar wurare kaɗan a sashenta, ɗaya kusa da kanal, ɗaya a tsakiya, ɗaya a gangare, a haƙa mita ɗaya duk shekara bayan girbin rani, a auna nisan da aka yi kafin a tarar da rodi-rodi da kuma toka, a rubuta a littafin ƙungiya. Malaman gona da ɗaliban Jami'ar Bayero da ta Wudil suna iya kawo littafin Munsell su daidaita abin da aka gani. In bana an tarar da tokar a santimita 80, baɗi a 60, magudanar wannan sashe ce ke neman yasa, kuma tumatir ɗin da za a shuka a nan sai a ɗaga masa kunya ko a kai shi tudu.